Fulogin Bahago

Tun ranar da abokan kiɗan Bahago suka dawo da amfilifayarsa, akwatin ƙara sautin jita, gida ba tare da shi ba, ba ta ƙara motsawa daga kusurwar ɗakin baya ba. Nan suka dire ta, tsakanin mataccen firij da buhunan guntayen yadi, suka yi ta'aziyya suka tafi. Baƙin akwati ne mai nauyin tsiya, gabansa lulluɓe da yadi ruwan toka wanda wutar sigari ta huhhuda, a samansa faifan ƙarfe mai jerin maɓallai da lambobinsu duk suka goge. Ya girmi mai shi, domin a hannun wani tsohon makaɗi Bahago ya same shi tun yana saurayi. Wayarsa siririya ce, robar ta bushe ta tsattsage, a ƙarshenta kuma fulogi mai ƙafa biyu, irin na da, wanda ko ta wane ɓari ka juya shi zai shige soket bai yi maka gardama ba.

Da hagu Bahago yake kaɗa jita, abin da ya ba shi sunan ke nan. A ɗakin da suke gwaji ya rasu, da rana tsaka. Yana rungume da jitar ya matsa bakin makirufo zai ɗauki waƙa, sai aka ga ya sandare, sannan ya zube. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Babu wanda ya yi musu, don mutumin yana zuƙar sigari kamar an ce gobe za a hana, ga shi ba ya jin magana. Ya bar matarsa, tela, wadda kowa a layin ke kira Umma. Manyan 'ya'yansu sun riga sun kama gabansu, sai Auta, wadda a lokacin ko igiyar takalmi ba ta iya ɗaurawa ba.

Bayan 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa gida ya yi tsit, wata rana Umma ta shiga ɗakin baya da tsumma za ta goge ƙura. Ta goge firij, ta goge taga, ta zo kan akwatin ta tsaya. Ita kanta ba ta san abin da ya sa ta cusa fulogin a soket ba, wataƙila don ta ga jan hasken kwalaben nan na ciki, masu ɗaukar lokaci kafin su yi ɗumi. Suka yi ja. Akwatin ya fara wani gurnani ƙasa-ƙasa, irin wanda Bahago ke yi a maƙogwaro in yana aske gemu. Umma ta ɗora tafin hannunta a kan faifan ƙarfen don ta ji ɗumin kawai, sai wani abu ya taɓa ta. Ba zafi, ba ciwo. Wata 'yar karkarwa ce siririya, ta bi ta yatsunta ta hau har gwiwar hannu. Haka Bahago yake yi mata in ya bi ta bayanta tana kan keken ɗinki, ya ɗan kaɗa yatsu a damtsenta ya yi gaba bai ce uffan ba. Ta kira shi da sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi, ta daɗe a tsaye hannunta na wurin.

Washegari ta koma da zumuɗi, ta kunna, ta ɗora hannu. Ƙarfe ne kawai, gurnanin ma ya lafa. Ranar ko ɗinki ba ta iya yi ba. Sai da ta yi ta jarabawa kafin ta gano ashe a fulogin abin yake: in ta sa shi ta wannan ɓari ya zo, in ta juya shi ba ya zuwa. Tela kuwa ba ta rasa dabara. Ta ɗauko koren zare ta naɗe gindin ƙafar da za ta riƙa kasancewa a dama, ta ƙulle tam, ta datse sauran da haƙori.

Kada wani ya ce Umma wawuya ce. Mace ce mai hankali a jikinta, ta san wanda ya tafi ya tafi, kuma da wata ce ta zo mata da irin wannan zance da ta yi mata wa'azi har sai ta gwammace ba ta zo ba. Amma kullum da yamma, in ta sallami masu ɗinki, sai ta ja ƙofar shago, ta ja silifas ɗinta na roba ta shige ɗakin baya, ta tsaya a kan tsohuwar ledar da aka shimfiɗa a ƙasa, ta ba shi labarin yini. Wance ta kawo yadin mutum ɗaya ta ce a fitar mata da kayan mutum biyu. Rufin kicin ya fara yoyo. Auta ta ci jarrabawa. Shi kuma ya amsa da gurnani da taɓin nan nasa. Shekaru suka yi ta wucewa a haka, babu wanda ya sani.

Auta ta tashi da kunnen ubanta. Tun tana 'yar makaranta ta sauke jitarsa daga bango, Baffa Mai Ganga, aminin Bahago wanda suka yi rabin rayuwarsu suna kiɗa tare, ya koya mata abin da ya sani, ta ƙarasa sauran da kanta. Baffa tsoho ne mai surutu. Ganga ta cinye masa kunne ɗaya, ɗayan ma saura ƙiris, saboda haka duk maganarsa ihu ce. Wata safiya suka faɗo shagon tare, shi da Auta, fuska duk fara'a.

"Uwargida, mun yanke shawara!" in ji Baffa. "Mu da muka rage za mu haɗu mu yi wasa guda don tunawa da mutumin. Auta ce za ta tsaya a wurinsa."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Umma, allura a bakinta.

"To, saura akwatin."

Keken ya tsaya cak.

"Wane akwati?"

"Akwatin Abba mana, Umma," in ji Auta. "Waɗannan ƙananan na zamani kukan sauro suke yi. Baffa ya ce duk garin nan babu mai muryarsa."

"Ba ya fita daga gidan nan."

"Ikon Allah!" Baffa ya tafa hannu. "Me ya yi miki kika ɗaure shi? Ko ɓarawo ai yana da ranar fita. Abin kiɗa ne fa, Uwargida, ba tebur ba. Ya gaji da hira da firij."

Auta ta yi dariya, Umma ba ta yi ba. Tsoro take ji, tsoron kada a sake fita da shi a dawo mata da akwati zalla. Amma wa za ta gaya wa haka? Ta kalli 'yarta, ta ga yadda idonta ya cika da roƙo, sai ta ce, "Zan yi tunani." A wajen Umma wannan a'a ce mai ladabi. A wajen Auta kuwa, wadda tun tana rarrafe ta saba samun abin da take so, an riga an gama magana.

Ana cikin haka dutsen gugar Umma ya daina zafi, ta naɗe shi a leda ta nufi shagon Mai Rediyo a ƙarshen layi. Shago ne matsattse, tsofaffin talabijin jibge har rufi, ko'ina ƙaurin dalma. Mai shagon dattijo ne, tabaraunsa ɗaure da guntuwar waya, ya fi sabawa da magana da kayan gyara a kan mutane. A kan teburinsa Umma ta ga wata amfilifaya, kamar ƙanwar ta gidanta, an kwantar da ita an buɗe mata ciki. Wayarta na yashe a ƙasa, an datse ta tun daga tushe.

"Wannan kuma wane laifi ta yi aka yanke mata wutsiya?" ta tambaya.

"Laifin tsufa, Maman Auta. Duk irinsu da suka shigo nan, kafin in taɓa komai sai na datse wayar na sa mai ƙafa uku."

"Ƙafa biyu ba ta isa ba? Ni ma ai biyu gare ni, ga shi na zo."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Ta ukun ita ce wayar ƙasa. In wuta ta ɓace hanya ta hau jikin ƙarfe, ita ke kwashe ta ta zubar. Mutanen da ba su sa ta ba. Ga abin da suka sa." Ya ɗago wani ɗan abu da bakin filaya, bai fi guntun alli ba. "Ta cikin wannan suka haɗa ɗaya daga wayoyin wutar da jikin akwatin, wai don a rage gurnani. In yana da lafiya, an kuma sa fulogin daidai, ba komai. To abu ne ya tsufa cikin zafi. In ya ruɓe, aka juya fulogin ta ɗaya ɓarin, akwatin gaba ɗaya ya zama wayar wuta. Har tsirkiyar jitar da aka jona masa."

"Su masu kiɗan ba su sani ba ne?"

"Suna da nasu tsarin. Su sa fulogi su kasa kunne, in gurnani ya yi yawa su juya, in ya lafa su ce an dace. Wani ya ɗiga fenti a ƙafar, wani ya ɗaura mata wani abu, don ya tuna ɓarin da ke da lafiya. Da kunne suke gwada wuta, kin ji aikin. Na gidanku ma haka yake. Har bakina ya gaji ina ce wa marigayi ya kawo. Ya ce in na taɓa wayar murya za ta canza. Wai murya a waya take."

Umma ta gyara tsayuwa. Ta yi kamar tana duba dutsen gugar, ta ce, "In mutum ya taɓa ya ji kamar... kamar ana ɗan taɓa shi fa?"

Mai Rediyo ya ajiye filaya, ya dube ta ta saman tabarau.

"Wa ya ji?"

"Tambaya ce kawai."

"To wanda ya ji, ya gode wa takalminsa. Roba a ƙafa, leda ko katako a ƙasa, wuta ba ta sami hanyar wucewa ba, sai ta tsaya tana yi masa susa. Ranar da ta sami hanya ba susa za ta yi ba. Mutum yana riƙe da tsirkiya, leɓensa ya taɓa makirufo mai wayar ƙasa, shi ke nan, shi ya zama hanyar. Ta ƙirji take bi."

Wata rediyo a kan kanta tana ta shashasha ba tasha. Sai Umma ta ce:

"Likita ya ce zuciya ce."

"Ban ƙaryata likita ba, Maman Auta. Ba na wurin, ban ga komai ba. Amma ita ma wutar, zuciyar take tsayarwa."

Ta fice ba sallama. Haushi ne ya cika ta har wuya. Wannan tsoho mai ƙaurin dalma, wanda ko shayi ba a taɓa gayyatarsa sha ba, shi ne zai ɗauki shekarunta na hira ya mai da su ruɓaɓɓen guntun alli? Me ya sani game da Bahago? Tana tafe tana faɗa da shi a zuci, har wata maƙwabciya ta gaishe ta ba ta ji ba.

Ɗakin baya ta zarce. Ta sa fulogin, koren zare a dama, ta jira kwalaben suka yi ja, ta ɗora hannu. Ya zo, a hankali, yadda ya saba.

"Kai ne ko?" ta ce. "Gaya mini kai ne."

Gurnani kawai. Daga nan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. A gefen bango ledar ta yage, siminti ya fito. Ta zare ƙafar dama daga silifas, ta miƙa babban yatsa, ta ɗan dangana shi da simintin. Wani abu ya cafke hannunta ya girgiza ta har haƙoranta suka haɗu, ya wurgar da ita kan buhunan yadi. Ta zauna nan tana haki, hannun ya mutu mata har kafaɗa, bakinta da ɗanɗanon ƙarfe. Bahago bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ko da wasa. Ta lallaɓa ta zare fulogin, ta zauna tana kallon kwalaben har jan ya mutu.

Da ta yi abin da ya kamata, da a ranar ta kira 'yarta ta zaunar da ita. Amma ta ina za ta fara? Kunya ta hana ta, da kuma wani abu da ya fi kunya ƙarfi. Ta ce a ranta ai ba sai an yanke komai ba. Akwatin zai zauna a ɗakinsa, ita za ta riƙa sa silifas, Auta kuma ta yi wasanta da kukan sauro. Kowa ya tsira da nasa. Ta kulle ɗakin ta rataye makullin a ƙusar da ya saba zama.

Washegari da hantsi ta fita sayo zif da maɓallai. Tana dawowa ta tarar da ƙofar ɗakin baya a buɗe. Tsakanin firij da buhuna babu komai sai shacin akwati a kan leda, wurin ya fi ko'ina haske.

"Ai yanzun nan suka tafi," in ji maƙwabciyar ta kan katanga. "Tsohon nan mai ihu ne ya zo da mota. Auta ta ce kin yarda. Wai gwaji za su yi."

Ledar zif ta suɓuce daga hannun Umma. Maganar Mai Rediyo ce ta dawo mata: wani ya ɗaura mata wani abu, don ya tuna ɓarin da ke da lafiya. Makaɗa za su ga koren zare a fulogin Bahago. Me za su ɗauka? Ta kira wayar Auta, ta yi ta ringi ba a ɗaga ba. Ta kira ta Baffa, ta tuna ko a aljihun gabansa take ba zai ji ba. Ta fita a guje ko shago ba ta ja ba, ta tsayar da tasi a tsakiyar titi.

Ɗakin gwajin yana hawa na sama a wani tsohon gini bayan gidan mai. Rabonta da wurin tun kafin rasuwar, ko ta layin ba ta bi. Ta fara hawan matakala da sauri, tana tsakiya sai ta ji shi. Muryar jitar Bahago ce, mai kauri, mai ɗan dishi-dishi, tana saukowa ta bangon siminti kamar bai taɓa barin ɗakin ba. Har yadda yake jan sauti ya sake shi a makare. Ta tsaya. Ta kama ƙarfen matakala ta rufe ido. Gaskiya ɗaya ce, a wannan lokacin Umma ta so a bar shi ya ci gaba, ta so ta zauna a nan ta saurara har ya gama, kome zai faru ya faru. Ganga ta shigo, kiɗan ya juya zuwa inda ake ɗaukar waƙa. Ta san wurin, ta ji shi sau ba adadi daga kicin. Ta buɗe ido ta ƙarasa hawan.

Suna can ƙurya a kan ɗan dandamalin katako, tsofaffi da kayan kiɗansu, Auta a tsakiya da jitar ubanta, kanta a sunkuye. Akwatin yana bayanta, wayarsa ta bi ƙasa zuwa soket a bangon hagu. Gabanta kuma makirufo ne sabo fil a kan sandarsa. Auta ta ɗago kai, ta yi taku ɗaya zuwa gare shi.

"Auta!"

Ko ita ba ta ji muryarta ba. Ta bi jikin bango a guje, ta yi tuntuɓe da wata kujera ta faɗi a kan gwiwa, ta rarrafa, ta damƙi wayar da hannu biyu ta fizge. Jitar ta ɗauke. Sauran kayan kiɗan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, ban da Baffa, wanda ya ci gaba da dukan gangarsa shi kaɗai sai da aka taɓa shi. Auta na tsaye bakinta a buɗe, tsakaninsa da makirufon bai kai faɗin tafin hannu ba.

"Umma! Lafiya? Me ya faru?"

"Matsa baya. Ajiye jitar nan."

"Ai a kashe take, kin cire..."

"Na ce ki ajiye!"

Ta ajiye. Baffa ya sauko yana ɗingishi, yana faɗa. "Haba Uwargida! In ba ki yarda ba ai sai ki faɗa, ba ki zo ki tsinke mana waƙa a tsakiya ba. Komai daidai muka yi. Yarinyar ma ta ce gurnani ya yi yawa, wai tsirkiya na ɗan cizon ta, za ta juya fulogi. Na ce kul, ga alamar ubanki nan, shi ya san kayansa."

"Ga zaren Abba nan, Umma," in ji Auta. "Duba ki gani."

Umma na zaune a ƙasa, fulogin a cikin tafinta. Ta dube shi.

"Zaren nawa ne," ta ce. "Ni na ɗaura, bayan ya rasu. Ba ɓarin lafiya ba ne. Ɗayan ne."

"To don me za ki..."

"A wannan ɓarin nake jin sa."

Auta ta durƙusa kusa da ita, ta ga gwiwar uwar tana jini, ta ciro hankici ta danne wurin.

A motar Baffa suka kai akwatin shagon Mai Rediyo. Dattijon bai ce na gaya miki ba, ko kallon da ke nufin haka bai yi ba. Ya share wuri a teburinsa, ya ce kowa ya ja baya, ya sa fulogin yadda zaren ya nuna. Ya ɗauko testa ya ɗora bakinta a kan faifan ƙarfen, 'yar fitilar cikinta ta kama jawur. Ya jona jitar, ya ɗora a kan tsirkiya, ta sake kamawa. Ya zare fulogin.

Baffa ya nemi wani tsohon talabijin ya zauna a kai. A karo na farko tun da Umma ta san shi, ya yi magana a hankali.

"Ranar da Bahago ya faɗi, ni na fara kai masa hannu. Wani abu ya fizge ni har nan." Ya nuna kafaɗarsa. "Na ɗauka fitar rai ce na ji."

Mai Rediyo ya kwance bayan akwatin, ya leƙa, ya ɗauko sabuwar waya mai kauri da fulogi mai ƙafa uku ya ajiye a gefe. "Muryar ba za ta canza ba," ya ce da Auta. "In ta canza ki dawo ki zage ni." Sannan ya ɗauki filaya, ya kama tsohuwar wayar a tushe, ya dubi Umma, don ya san ba 'yar ce mai ba da izini ba.

"Tsaya," in ji Umma.

Ya tsaya.

"Sa shi sau ɗaya. Ina da silifas a ƙafa, ga katako a ƙasa. Ba zan daɗe ba."

"Maman Auta..."

"Na sani. Na ga fitilar, ba makauniya ba ce ni. Na san mene ne, na san abin da ya yi mini. Sallama kawai zan yi." Ta dafa teburin. "Da ya fita ranar ina kan keke, ko kai ban ɗaga ba."

Dattijon ya girgiza kai. "Ki yafe ni. Ba a shagona ba."

Umma ta miƙa hannu za ta ɗauki fulogin da kanta. Auta ta riga ta, ba fulogin ta kama ba, hannun ta kama. Ta riƙe shi gam da nata biyu, ta ja shi ta danne a ƙirjinta, ta ƙi saki. Umma ta yi yunƙurin ƙwacewa, ta kasa, yarinyar ta fi ta ƙarfi yanzu. Sai a nan ta ji bakin yatsun 'yar, sun yi kanta, sun yi tauri saboda tsirkiya, suna nutsewa a bayan hannunta. Ba ta san yaushe suka zama haka ba. Ƙarƙashin tafinta kuma zuciyar Auta ce ke dukan uku-uku, da ƙarfi, don ita ma sai yanzu tsoron ya iso gare ta.

"Umma," in ji Auta, tana kuka. "Saura kaɗan fa."

Umma ta daina ja. Ta bar hannun a inda yake, ta juyar da fuskarta wajen ƙofa, inda mutane ke ta wucewa da harkokinsu.

"Yanke," ta ce.

Filayar ta yi ƙas. Wayar ta sulale ta faɗi bayan tebur.

"Allah ya jiƙan Bahago," in ji Baffa.

Umma ta juyo ta dubi akwatin.

"Amin," ta ce.